Yadda Na Yi Digirin Akanta Ina Tsaron Sito a Dawanau

Ni ɗan kasuwar Dawanau ne, a nan na koyi neman na kaina. Tun ina sakandare nake bin Kawu, ƙanen mahaifiyarmu, zuwa sitonsa duk ranar da babu makaranta, da na gama kuwa sai na zama cikakken yaron sito. Riɗi muke yi da zoɓo da waken suya. Ga wanda bai san wurin ba, Dawanau tana bakin hanyar Katsina in ka fita daga birnin Kano, a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, kuma tana cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. Riɗin da muke tarowa daga ƙauyukan Jigawa da Bauchi yakan ƙare a Japan da Turkiyya da Sin, zoɓo kuma mutanen Meziko na cikin manyan masu sayensa. Miliyoyi ke wucewa ta hannunmu da kaka, amma in ka tambaye mu a ƙarshen shekara nawa aka ci riba, amsar ba ta wuce alhamdu lillahi, an samu. A cikin wannan sito na yi digirin akanta, ban ajiye aiki ba, ban bar iyalina ba. Matasa da yawa suna tsayar da ni a masallacin layinmu suna tambayar yadda aka yi, shi ya sa na ga ya kamata in ba da labarin a tsanake.

Rasuwar mahaifinmu ce ta tura ni. Allah ya jiƙansa, ƙaramin ɗan kasuwar wake ne, mai amana, wanda ba a taɓa jin ya ci kwabon wani ba, amma duk lissafinsa a ka yake. Bayan an share makoki mutane suka fara sallama. Wannan ya ce yana bin marigayi buhu kaza, wancan ya ce ya ba shi ajiyar kuɗi. Wasu mun san gaskiya suka faɗa. Wasu kuwa ba mu da hanyar tabbatarwa, ba mu da hanyar ƙaryatawa. Waɗanda shi yake bi, 'yan kaɗan ne suka kawo kansu. Tunda shari'a ta ce sai an biya wa mamaci bashi kafin a raba gado, abin da ya rage wa mahaifiyarmu da ƙannena mata bai taka kara ya karya ba, kuma har yau akwai gidajen dangi da gaisuwa ta yi sanyi tsakaninmu a kan wannan. Malamin da ya yi mana rabon gado ya karanta mana aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, inda Allah ya umarci muminai su rubuta bashi, ƙarami ne ko babba, su kuma kafa shaidu. Na sha karanta ayar a Islamiyya, amma ranar na ji nauyinta.

Da na koma sito sai na sayi babban littafi mai layi na shiga rubuta komai: buhun da ya shigo, buhun da ya fita, kuɗin 'yan dako, la'adar dillali, wanda ya karɓi kaya bashi da ranar da ya ce zai biya. Littafi ya cika, na buɗe wani. Sai dai rubutun bai gaya mini abin da nake son sani ba. In Kawu ya ce, "Yanzu nawa ne namu a waje?" sai na kwana ina bin shafi ɗaya bayan ɗaya, kuma in na sake tarawa washegari sai adadin ya sauya. Akwai wani ma'aikacin kamfanin da ke sayen riɗinmu, wanda duk ƙarshen wata yake zuwa da takarda guda ɗaya tak, a kanta ga abin da suka karɓa, ga abin da suka biya, ga abin da ya rage tsakaninmu. Ba a taɓa yin gardama da takardarsa ba. Na tambaye shi inda ya koyi wannan, ya ce shi ma yana aiki ya yi digirinsa, a Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, wadda aka fi sani da NOUN.

A lokacin sunan jami'ar ya fara yawo a bakin Kanawa, don ɗan Kano ne ke shugabantarta, Farfesa Abdalla Uba Adamu, wanda ya riƙe ta daga 2016 zuwa 2021. Da na bincika na tarar ba sabuwa ba ce. An kafa ta a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sai a 2002 gwamnatin Obasanjo ta farfaɗo da ita, shi kansa Obasanjon kuma bayan ya sauka daga mulki ya shiga a matsayin ɗalibi har ya yi digirin digirgir a cikinta. Jami'ar gwamnatin tarayya ce, hedikwatarta na Jabi a Abuja, tana da cibiyoyin karatu a jihohi. Abin da aka nema a wurina sakamakon sakandare ne mai kiredit biyar, har da Turanci da lissafi, kuma ina da su.

Sauran aiki shi ne Kawu. Na same shi bayan sallar Isha'i a ƙofar gidansa, na durƙusa na gaishe shi.

"Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, ina so in koma karatu."

"Kasuwar ce ta ishe ka?"

"A'a Kawu, ba inda za ni. A waya da kwamfuta ake karatun, sai lokacin jarrabawa ne zan riƙa neman izini."

"Karatun me?"

"Na lissafin kasuwanci, irin na akantoci."

Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "Ni da nake juya wannan sito tun ba a haife ka ba, wa ya koya mini? Amma je ka yi, ɗana, ilimi ba ya yawa. Sai dai ranar da mota ta iso da kaya, ba na son in ji zancen jarrabawa." Shi ya biya mini kuɗin rajistar farko. Wannan a 2018 ne.

Mutane suna ɗauka karatun intanet kwanciya ce da waya a hannu. Ga yadda yake. Kowane zango za ka shiga shafinka na ɗalibi ka biya kuɗi, ka yi rajistar darussa da ta jarrabawa. Kowane darasi yana da littafinsa da jami'ar ta rubuta, kana iya sauke shi a waya. Akwai aikin gida da ake kira TMA, tambayoyi ne da ake amsawa a intanet kafin a rufe shafin, su ke ɗauke da maki 30, jarrabawa kuma maki 70. A aji ɗaya da aji biyu jarrabawar a kwamfuta muka yi ta, a cibiyar karatu, daga aji uku kuma sai biro da takarda. Ba wanda zai kira sunanka da safe, ba wanda zai lura in ka yi wata guda ba ka buɗe littafi ba. Wannan shi ne wahalar abin. Na ga waɗanda muka fara tare, masu ƙwaƙwalwa fiye da tawa, sun watse tun a shekarar farko, ba don karatun ya fi ƙarfinsu ba, sai don babu mai tsaya musu a kai.

Ni lokacina biyu ne. Bayan sallar Asuba kafin in fita kasuwa, sai kuma dare bayan yara sun yi barci. Na sayi tsohuwar kwamfutar tafi da gidanka da ƙaramin faifan sola, don wutar unguwarmu ba abin dogaro ba ce, datar dare kuma ta fi araha, da ita nake sauke littattafai da bidiyon darasi. Turanci ya ba ni wuya a farko. Na iya karantawa, amma Turancin littafin tattalin arziki da na dokokin kasuwanci daban yake da na sakandare, sai na riƙa karanta sakin layi in rufe littafin in faɗa wa kaina ma'anarsa da Hausa, in na kasa to ban gane ba ke nan, in sake. Maiɗakina ta ɗauki nauyi mai yawa a waɗannan shekaru. Ita ke kawar da yara, ita ke karanto mini lambobi ina bugawa a kalkuleta, har ta kai ta buɗe littafi na adashen da take riƙe wa matan layinsu. Muna kuma da zaure a WhatsApp na 'yan ajinmu, a ciki akwai ɗan sanda, akwai ma'aikaciyar banki, akwai matar aure mai goyo, akwai dattijon da ya kusa ritaya a ƙaramar hukuma. Wanda ya gane abu sai ya warware shi a takarda ya ɗauki hoto ya tura. Yawancinsu sai a ɗakin jarrabawa na fara ganin fuskokinsu.

Darasin da ya sauya mini komai shi ne na farko, riƙon littafin lissafi. A nan na san cewa kowace hulɗa sau biyu ake rubuta ta, ɗaya a hagu ɗaya a dama, debit da kiredit, domin duk abin da ya shigo daga wani wuri ya fito. In na sayi riɗi da kuɗi hannu, kaya sun ƙaru, kuɗi sun ragu. In na ba da shi bashi, kaya sun ragu, abin da muke bin mutane ya ƙaru. A ƙarshe in ka tara hagu ka tara dama dole su zo daidai, in ba su zo ba akwai kuskure, kuma littafin da kansa zai sa ka neme shi. Wani malamin lissafi ɗan Italiya, Luca Pacioli, shi ya fara buga bayanin wannan tsari a littafi a birnin Benis a 1494, daga abin da 'yan kasuwar garin suke yi. Abin ya burge ni da na ji cewa a kasuwa aka haifi ilimin kafin ya shiga jami'a. A daren da na jera lissafin sitonmu na wata guda a wannan tsari, hagu da dama suka zo daidai, na yi sujada.

Daga nan kuma rigima ta taso, don ƙa'ida ta gaba ta ce kasuwanci daban, mai shi daban. A sitonmu kuwa aljihu ɗaya ne. Daga akwatin ciniki ake ɗaukar kuɗin cefane, da gudummawar biki, da kuɗin asibitin dangi, da na makarantar yara. Kawu mutum ne mai hannu sake, gidaje da yawa na ci daga jikinsa. Sai na buɗe shafi da sunansa ina rubuta duk abin da ya ɗauka. Ranar da ya gani ransa ya ɓaci ƙwarai.

"Yanzu ni kake bi bashi a cikin dukiyata? Abin da bokon ya koya maka ke nan?"

"Kawu, ka gafarce ni, ba bashi ba ne. Dukiyarka ce, ka ɗauki abin da ka ga dama. Amma in ba mu raba abin da sito ya ci da abin da gida ya ci ba, ba za mu san ko sito ne ke ciyar da gida ko gida ne ke cinye sito ba."

Bai amsa ba. Ya yi kwanaki yana amsa gaisuwata a gajarce. Na ci gaba da rubutawa, don na san ba rashin kunya nake yi ba, kuma na roƙi mahaifiyarmu ta sa baki. Abin da ya sauko da shi shi ne lissafin ƙarshen shekara. Na nuna masa cewa sito ya ci riba mai kyau, amma abin da aka ɗiba ya fi ribar, wato an fara taɓa uwar kuɗi ba tare da kowa ya sani ba. Ya karɓi takardar ya sa tabarau ya bi ta layi layi. Bai ce na yi daidai ba, manya ba su cika faɗin haka ba. Abin da ya ce shi ne, "Daga yau ka yanka mini abin da zan riƙa ɗauka duk wata." Bai rage alherinsa ga dangi ba, ya dai san iyakarsa.

Darasin lissafin tsadar kaya shi ne na fi jin daɗinsa, don kamar da Dawanau aka rubuta shi. A da in mun sayi buhu a ƙauye muka sayar a sama da haka, bambancin muke kira riba. Alhali tsakanin ƙauye da sikelin kamfani akwai kuɗin mota, da na lodi da saukewa, da la'ada, da sabon buhu da zare, da kuɗin shiga kasuwa, da hayar sito, da maganin ƙwari. Akwai kuma abin da ba a biya da kuɗi amma yana ci: riɗi in aka tankaɗe shi aka fitar da ƙasa da tsakuwa da ƙaiƙayi nauyinsa raguwa yake, zoɓo ma in ya daɗe a ajiye yana bushewa yana karyewa. A ce ka sayi buhu ɗari, bayan gyara ka tashi da casa'in da biyar, to kuɗin ɗarin nan a kan casa'in da biyar za ka raba shi. Littafi ya kira wannan asarar da aka saba da ita, ya bambanta ta da asarar da sakaci ko sata ko ruwan sama suka jawo, wadda ita daban ake rubuta ta don a ga mai laifi. Da na bi kayanmu ɗaya bayan ɗaya a haka, sai ga shi a wannan shekarar waken suya da muke rainawa ya fi zoɓon da muke alfahari da shi kawo riba, saboda yana saurin fita, ba ya cin haya. Na kuma koyi cewa kayan da ke ajiye ana ƙiyasta su ne da wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin abin da aka kashe a kansu da abin da za a samu in an sayar. Ƙa'ida ce mai hana mutum yaudarar kansa, ta hana ka lissafa ribar da ba ta zo ba, ta tilasta maka amsa faɗuwar da ka riga ka gani.

Akwai wurin da zuciyata ta yi nauyi. Darussan harkar kuɗi cike suke da lissafin kuɗin ruwa, kuma na san hadisin da ke cikin Sahihu Muslim wanda ya la'anci mai ci da mai bayarwa da marubuci da shaidu. Akanta kuwa marubuci ne. Na kai maganar wurin malaminmu na zaure, ya ce sanin yadda abu yake daban, yin aiki da shi daban, kuma wanda bai san shi ba ba zai iya kauce masa ba in an ɓoye shi a cikin takardar yarjejeniya. Na ci gaba da karatu da niyyar cewa ba zan yi aikin da zan riƙa rubuta shi ba. Daga baya na gane akwai fili mai faɗi ga irina. Bankin Jaiz ya fara aiki tun 2012 ba tare da kuɗin ruwa ba, wasu sun biyo baya, kuma tsarin da 'yan kasuwarmu suka gada, mai jari ya ba da kuɗi mai juyawa ya juya a raba riba, wanda littattafan fiƙihun Malikiyya ke kira ƙiradi, ba ya tsayuwa sai da lissafi mai tsabta. Yawancin rigimar da ke kai irin wannan hulɗa gaban alƙali daga rashin rubutu take.

Ban gama a shekara huɗu ba. Da kaka, lokacin da motoci ke shigowa dare da rana, nakan rage yawan darussan da zan ɗauka, don na riƙe alkawarin da na yi wa Kawu, tsarin jami'ar kuma ya ba da damar haka. Shekarun ma ba masu sauƙi ba ne. A watan Agusta 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, abokan cinikinmu na Nijar suka ragu. A Afrilu 2020 aka kulle Kano saboda korona, azumi ya same mu a gida, a lokacin na karance littattafan haraji da na binciken kuɗi. A shekarar ce harajin VAT, wanda ake ɗorawa a kan farashin kayan da mutum ya saya, ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari, aka kuma yi sabuwar dokar kamfanoni da ta ba mutum ɗaya damar yin rajistar kamfani shi kaɗai, sai ya zama abin da nake karantawa da dare shi nake ji a rediyo da safe. Ƙanena da ke jami'ar zuwa aji ya zauna a gida wata da watanni saboda yajin aikin malaman jami'o'i na 2020 da na 2022. Mu yajin bai shafe mu ba.

Shekarar 2023 ce ta gwada abin da na koya. A farkonta aka shiga ƙarancin takardun kuɗi bayan sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Kasuwar da ta saba da damin kuɗi ta koma taransfa dare ɗaya. Sai a ce an turo, alat bai shigo ba, ko ya shigo sau biyu, ko a nuna maka na bogi. A nan darasin daidaita littafin sito da takardar banki, wanda na ɗauka na ma'aikatan ofis ne, ya zama aikina na kowane dare, har maƙwabtan sito suka riƙa kawo mini nasu. Bayan an cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu aka kuma saki naira ta nemi darajarta, farashi ya riƙa tashi kusan kowane mako. Mutum zai sayar da kaya ya ga riba mai yawa a takarda, ya koma ƙauye ya tarar uwar kuɗin da ribar gaba ɗaya ba za su sayi buhunan da ya sayar ba. Na riƙa roƙon Kawu da mu auna jarinmu da yawan buhu, kada mu auna shi da naira kaɗai, kada kuma a raba abin da ake gani kamar riba sai an maye kayan. Wasu da suka raba suka ci, da kaka ta zagayo sitonsu rabi ya cika.

Kundin bincikena na ƙarshe a kan riƙon lissafi tsakanin 'yan kasuwar hatsi na yi shi, a nan Dawanau. Da farko mutane gudu na suke, sun ɗauka masu haraji ne suka turo ni, sai da Kawu ya riƙa kama hannuna yana kai ni wurin sa'o'insa yana cewa, "Ɗana ne, karatu yake." Abin da na gani ya ƙara mini girmama su. Akwai dattijon da ke rubuta bashinsa da ajami cikin tsari mai kyau, akwai mai riƙe lissafin mutane da yawa a ka ba ya kuskure. Ba basira suka rasa ba. Matsalar ita ce lissafin yana tare da mutum ɗaya, in ya kwanta ciwo ko ya rasu shi ke nan, kuma banki ko kamfanin waje ba ya karɓar abin da ke cikin ka. Malamin da ya duba kundin ta waya da imel muka yi yawancin aikin, ya mayar mini da babi ɗaya har sai da na koyi bambanta abin da na gani da abin da nake zato.

A 2024 na je Jabi taron yaye ɗalibai, Kawu ya sa babbar riga ya raka ni. Batun bautar ƙasa bai taso ba tunda na haura shekara talatin.

Akwai masu cewa digirin intanet ba digiri ba ne, kuma na fahimci inda tsoronsu yake. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya fallasa yadda ya samo takardar digiri daga Kwatano cikin 'yan makonni, har gwamnati ta dakatar da tantance takardun jamhuriyar Benin da Togo a farkon 2024. Masu sayar da takarda suna nan, a intanet da wajenta. Don haka duk wanda ya tambaye ni nakan ce ya fara duba ko Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da makarantar da kuma fannin da zai karanta, kuma duk inda aka ce masa babu jarrabawa ko za a gama cikin wata shida, ya kama kansa. Nakan kuma gaya wa yaro ɗan shekara goma sha takwas da iyayensa ke da hali ya tafi jami'ar zuwa aji, don zama da malamai da sa'o'i wani ilimi ne da ni ban samu ba. Wannan hanya ta fi dacewa da mai aiki, da mai iyali, da matar da ba za ta iya barin gida ba, kuma a ganina akanta na cikin fannonin da suka fi karɓarta, domin wanda ke cikin kasuwa yana da wurin gwaji a gabansa kullum.

Amfanin da Kawu ya fi yabawa ban taɓa kawo shi a raina ba lokacin da na fara: zakka. A mazhabarmu ɗan kasuwa mai juya kaya kullum, wanda malamai ke kira mudiri, yakan tsayar da wata guda a shekara ya yi wa kayan da ke hannunsa kuɗi, ya haɗa da tsabar da yake da ita da bashin da yake sa ran za a biya shi, ya cire wanda ake binsa gwargwadon yadda malamai suka yi bayani, in ya kai nisabi ya fitar da ɗaya cikin arba'in. A da kintace ake yi, a ƙara wani abu a kai don kokwanto. Yanzu takarda ɗaya nake miƙa wa malam, ga kaya, ga kuɗi, ga bashi mai rai, ga wanda aka fid da rai da shi, shi kuma ya yanke hukunci.

Digiri bai mai da ni ƙwararren akanta mai hatimi ba, wannan wani tsani ne. A Najeriya ƙungiyoyi biyu ne aka fi sani da ba da wannan matsayi: ICAN da aka kafa da doka a 1965, da ANAN da aka kafa a 1979, wadda ke da kwalejinta a Kwall kusa da Jos. Na zaɓi ICAN saboda jarrabawarta mataki mataki ce, zan iya yi ina sito. Ban bar Kawu ba, sai dai yanzu ina riƙe wa wasu situna na layinmu littattafansu su biya ni, akwai kuma yara biyu da nake koya wa debit da kiredit bayan La'asar, ɗayansu ya riga ya yi rajista a jami'ar. Sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 sun sauya abubuwa da yawa daga abin da na karanta a aji uku, su nake bi yanzu da daddare, don dattawan layinmu sun nemi in zauna da su in yi musu bayaninsu da Hausa kafin kaka ta shigo.